Katangar da ta kauce wa Yaya Isufu

Shekarar da aka tashe mu daga tsohon Zango na cikin gari, ina goye da 'yata ta fari, Yaya Isufu ya riga ya daɗe da farin tawul a hannun hagu. Ku da kuka san shi kun san tawul ɗin. Da shi yake zuwa suna, da shi yake zuwa ta'aziyya, ran Juma'a ma sai a ƙofar masallaci yake ninke shi. Uwa ɗaya uba ɗaya muke, amma in ya zo gidana sai ya karɓe kwanon tuwo daga hannuna, ya ajiye wa mijina yana rusunawa kamar minista ne ya zo. Shi ya sa duk Zango ake ce masa Garso, wato mai kai wa baƙi abinci da Faransanci.

A babban gidan abincin nan na bakin teku yake aiki, wanda 'yan boko ke kira burasari. Wani Bafaranshe ya gina shi tun Turawa na mulki. Madubai har rufi, fankoki na tagulla. Can ministoci ke ci, can manyan matan atamfa na kasuwar Asigame ke kai baƙinsu. Yaya ya shiga yana saurayi, ya fito da furfura, kuma bai taɓa ɗaukar kwalbar giya ba. Sun raba aiki da abokinsa Kosi, ɗan ƙabilar Ewe: faranti na Yaya, kwalba ta Kosi.

Abincin gidan ma bai taɓa sa shi a baka ba, wai bai san wane cokali ne ya gaisa da alade ba. Wake da shinkafata nake aika masa. Amma sai ya tsaya kan baƙo yana rantsuwa cewa yau kifi ya fi nama. Na ce, Yaya, wannan ba ƙarya ba ce?

"Ke Azumi, farantin da ya dawo nake dubawa. Wanda ya dawo a suɗe, shi ne mai daɗi."

Sauri kuwa ba ya cikin jininsa. Ko Bature ya buga tebur, amsarsa ɗaya: mai ɗauke da miya ba ya gudu.

Bayan kicin akwai wani ɗan lungu da Bafaranshen ya bar masa ya riƙa salla. Da shi da mai gadi da yaran wanke-wanke, duk nan suke yi. To, gidan ya tsufa, iskar teku ta cinye ƙarafa, rufi yana yoyo kan masu kuɗi. Yaya ya daɗe da ajiye aiki lokacin da wata Madam 'yar ƙasar nan, da ta dawo daga Faransa, ta saye shi za ta gyara. Sai ga Kosi a kan zemijan, babur ɗin haya, tun daga unguwar Adidogome, ya ce sabuwar katangar ɗakin giya ta kan lungun za ta bi. Yaya ya je ya roƙi Madam, ta ce an riga an zana, ma'aikata su yi sallarsu a gida. Alhali daga azahar har isha'i suna bakin aiki.

Washegari ya ɗauki tabarma da buta ya tafi. Duk sanda magina suka doso da igiya da bulo, sai ya tayar da kabbara. Maginan ba Musulmi ba ne, amma wa zai ture tsoho yana magana da Ubangijinsa? Su tsaya. Ya sallame, su matso, ya sake kabbara. Bayan la'asar, da ba a nafila, sai ya jawo carbi. Siminti ya yi ta bushewa a kwano.

Limaminmu ya tsokane shi, ya ce ko a goman ƙarshe na azumi bai ga ya yi ibada haka ba.

"Malam, ai a azumi babu magina."

Ƙarshe Madam ta zo da kanta, ta tsaya tana kallonsa har ya sallame. Ta ce, "Papa, har yaushe?"

Ya gyara tawul. "Madam, mai ɗauke da miya ba ya gudu."

Dariya ta ƙwace mata. Ta ce wa shugaban magina ya zagaye tsohon nan kafin ya kashe ta da ranta. Shi ya sa katangar take da ciki kamar mai wata bakwai. Jikata ta nuna mini a waya, baƙi na ɗaukar hoto a jikinta, wai sabon salon gini ne na Faransa. Salon yayana ne!

Ranar buɗewa aka gayyace shi, aka zaunar da shi ƙarƙashin sababbin fitilu, yaro ya kawo masa takardar abinci. Ya karanta ta tsaf, ya yaba, sannan ya zaro kwanona daga ƙarƙashin tawul.

Damina ɗaya ya ƙara a duniya. Tawul ɗin yana rataye a ƙusa cikin lungun, yara na goge hannu da shi bayan alwala. Liman ya tafi, mai gadi ya tafi. Saura ni, sai Kosi da idonsa ya yi rauni, wanda har yanzu yake aiko da goro duk Salla. Allah Ya buɗa wa Yaya kabarinsa yadda ya buɗa wa yaran nan wurin sujada. Amin.