Wayar da Na Buga Gida Daga Guangzhou

A shekarar da ƙasar Sin ta karɓi gasar Olamfik, ni mace ce mai zafin kai, ina saro dogayen riguna daga Guangzhou zuwa Kano, kuma magana ba ta kwana a cikina. Ƙanena, wanda muke ciki ɗaya, yana zaune a can, a unguwar Sanyuanli, shi ne tafintana. Ɗinkin 'yan Sin yana yi wa matanmu kaɗan, don haka a kasuwar Canaan shi ke kara riga a jikinsa, ya ɗan juya, ya ce wannan za ta matse hajiyoyi a ƙugu. Masu shago su yi dariya, ni ma in yi. Ban taɓa kawo komai a raina ba.

Da wasannin suka matso, 'yan sanda suka tsananta duba fasfo, ga bizarsa ta kusa ƙarewa. Muka koma zaman ɗaki, kayana sun maƙale wajen masu kago da ke jigilar kaya zuwa gida, ni kuwa na kasa zaune na kasa tsaye. Wata la'asar ya saka faifai irin na bakin titi, fim ɗin Birtaniya. Wani saurayi ne ke sa kayan mata da gashin kanti yana waƙa a gidan rawa, wani namiji kuma ya kamu da sonsa. Na ce ya cire mana shirme, ashe Turawa ma suna da 'yan daudu. Bai cire ba. Da na waiga sai na ga yana hawaye.

"Yaya, ban san sau nawa na kalli fim ɗin nan ba," in ji shi. "Kamar ni ake nunawa. Ke kaɗai zan iya gaya wa."

Ban bari ya ƙarasa ba. Na ja mayafi na sauka shagon waya, na kira babban yayanmu a gida, na zazzage masa, har da ƙarin abin da yaron bai faɗa ba. Kafin in hau sama dangi sun ji. Aka ce lallai ya dawo a kai shi wajen malamai. Bai yi musu da kowa ba. Ya fitar mini da kayana, ya raka ni filin jirgi, ya yi mini fatan sauka lafiya. Da na dawo saro na gaba, wasu 'yan Maradi na tarar a ɗakin, lambarsa kuma ba ta shiga.

Mahaifiyarmu ba ta taɓa yi mini faɗa a kai ba, kuma wannan ya fi zagi ciwo. Duk tafiya sai ta ƙulla mini yaji da kuka ta ce in kai masa. Nakan bi gidajen abincin mutanenmu na unguwar Xiaobei ina tambaya, wani ya ce an gan shi a wani gari, wani ya kau da kai. A ƙarshe in bar ƙullin wajen mai tuwo.

Har yau ban ce na fahimci abin da ke ransa ba. Amma a ranar magana kawai ya yi, ni kuma na yi masa tallanta. Ina roƙon masu karatu, idan naku ya buɗe baki da abin da ya fi ƙarfinku, ku zauna ku ji ƙarshensa kafin ku ɗauki waya. Hajiyarmu ta tsufa yanzu, ido ya yi rauni, kuma idan na dawo ba ta tambayar kasuwa. Sai dai ta ce, "Ya karɓa?" Ni kuma in ce mata ya karɓa.