Gwangwani na Shida

Kakata Inna Zali ba ta taɓa ba mu labarin gizo ba. Wai wannan na matan da ba su ga duniya ba ne. Ita fa matar mai injin silima ce a Damagaram, kuma ba ta barin kowa ya manta.

Da an idar da magariba an sauke tuwo, sai ta ja 'yar kujerarta kusa da murhu, mu jikoki mu kewaye ta. Ba ta farawa sai ta ce, "An kashe fitila." Mu amsa, "A saki haske." Daga nan sai fim. Marigayi kakanmu, Malam Issa, shi ne ke juya inji a wani gidan silima marar rufi, inda ake kawo finafinai a mota, kowane fim a rarrabe cikin gwangwanaye. Tana amarya takan kai masa abinci ɗakin injin, ta tsaya tana leƙe ta 'yar tagar da haske ke fita. Faransanci kam ko kalma ɗaya ba ta ji. Ita ke sa wa Turawan magana a baki, da Hausar Damagaram tsantsa.

Kuma kowa tana da hukunci a kansa. "'Yan Indiya rawa, Amirkawa harbi," in ji ta. "Faransawa kuwa sai a zauna ana kallon juna, sigari na ci. Amma nasu ne ke bin ka har gida." In na yi mata gardama ta ce, "Mai gidana, rufe mini baki, lokacin ko ubanka ba a haifa ba."

Akwai labari ɗaya da muka fi roƙo, kuma shi ya fi ƙona mana rai. Wata tela ce, ita da ƙaninta suka yi faɗa kan gidan da ubansu ya bari, ya yi fushi ya bar gari. Shekaru suka wuce ba labarinsa. Rannan aka ce mata an gan shi a wani gari na bakin teku. Ta rufe shago, ta hau jirgin ƙasa, ta yi ta tambaya lungu-lungu har aka nuna mata wani tsohon bene. Ta hau matakala. Ta gyara ɗankwali, ta ƙwanƙwasa ƙofa. Aka ji takun mutum daga ciki.

Nan Inna take tsayawa ta hau gyara itace.

"Sai me, Inna? Shi ne?"

"Ku tambayi kakanku. Shi ya ɓatar da gwangwani na shida."

A ranar da aka haska fim ɗin, allo ya yi fari fat a daidai wurin. 'Yan kallo suka tashi da ihu da jifa, mai gidan silimar ya fito ya ce laifin mai inji ne, ya sallame shi a gaban jama'a. Malam Issa ya ƙare rayuwarsa yana gyaran rediyo a bakin kasuwa. "Wai biyar aka kawo, biyar ya haska," in ji Inna. "Ina aka taɓa yin labari ba ƙarshe? Sakaci ne irin nasa." Mu ma da haka muka tashi. In yaro ya yar da abu a gidanmu, sai a ce ya yi gadon kaka.

Yanzu shekarata takwas a Dubai. Ina ɗaure kayan kargo a Murshid Bazaar, in kwana a International City. Wallahi kewa ce ta sa na fara neman tsofaffin finafinan Faransa a kwamfuta ranar hutuna, don in ji kamar ina gaban murhun nan. Ɗan Faransancin da na yi a lakwal, wato makarantar boko, ya yi mini rana. Na karanta yadda wasu samari a Faransa suka fara da sukar finafinan manyansu a jarida, daga baya suka ɗauki kyamara suka fita titi, suka riƙa barin labari a buɗe. Ga shi yau har a finafinan wasu ƙasashe ana yin haka, ana yabawa. Abokin zamana Bulus, mutumin Jos mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki, ba ya gajiya da tsokanata. "Habibi, tun da na shiga wanka matar nan take kallon taga. Khalas, ya isa haka, sa mana ƙwallo."

Wata Lahadi da la'asar na ci karo da fim ɗin telar nan. Tun daga keken ɗinkin na fara gane shi. Ga jirgin, ga benen, ga matakalar. Ba ɗankwali ba ne, hula ce, amma ta gyara ta kamar yadda Inna ke kwatantawa da hannu. Ta ƙwanƙwasa. Aka ji taku. Na matso har hancina ya kusa taɓa gilashi. Sai ga harufa uku farare da ke nuna an gama.

Sau uku ina mayarwa. Babu wani gwangwani na shida. Kafin fim ya iso Damagaram ya bi garuruwa da yawa, ko'ina ya tsinke a yanke a liƙa. Ina jin a haka wutsiyar da ke ɗauke da rubutun ta gutsure.

Kwana biyu ina juya abin a raina, don Inna ta tsufa ƙwarai, idonta ma ya tafi. Daga ƙarshe na kira ƙanwata Rabi ta kara mata waya a kunne. Na gaya mata duka. Da na gama sai Inna ta ce:

"Ke nan biyar ne."

"Biyar ne, Inna."

"Ya rantse mini," ta ce a hankali. "Na ce ya daina rantsuwa a kan ƙarya."

Na ce Allah ya jiƙansa. Ta ce amin, ta ce wa Rabi a tara mata yaran gidan da magariba.

Washegari ina tsakiyar kwalaye saƙon murya ya shigo. Rabi ce ta naɗa mini. Muryar Inna ce, labarin kuma bai rage komai ba. Da ta kai bakin ƙofa, yara suka ce sai me, ta ce, "Nan mai fim ya ga damar tsayawa. Malam Issa bai ɓatar da komai ba. Ku gaya wa iyayenku ni na faɗa."

Da ina yaro na ɗauka labarin horo ne kan sakaci. Yanzu abin da ke zuwa mini shi ne mutumin da ya yi shekaru yana cin tuwo a gaban matar da ba ta yarda da shi ba, bai kuma fasa cewa biyar ba. Ban taɓa ganinsa ba, ko hotonsa babu a gidanmu. Ran nan na zauna a kan kwali ina kewarsa har mai kaya ya zo ya taɓa kafaɗata.