Muryar Kaka a Kwamfutar Yaya

Shekarar da na fara koyon rubuta kod, wato umarnin kwamfuta, a makaranta, na dawo hutu Birnin Kudu na tarar Inna tana son ta sake jin muryar mahaifiyarta. Yayana ya taɓa ɗaukar Kaka a waya can Kwandiko tana waƙar niƙa, kafin Allah Ya yi mata rasuwa. Ya juye a tsohuwar kwamfutarsa, ya manta inda ya ajiye. Kwamfutar kuwa ta fara ɗaukewa da kanta, mai gyara ya ce sai an goge komai.

Ajiyar Yaya kamar kwanukan jere take: ka buɗe folda ka ga wata a ciki, ita ma da tata 'yar. Na zauna a inuwar darbejiya na rubuta ɗan umarni. Shiga folda, duba sunan kowane fayil, in ka tarar da wata folda ka kira kanka ka shige ta. Abin ya yi mini daɗi, umarni yana aiken kansa ɗaki bayan ɗaki har ƙuryar gida. Na ce ya kawo duk abin da ke da "kaka" a sunansa.

Sunaye suka yi ta zubowa. Na ƙwala wa Inna kira, ta taho da farantin shinkafar da take tsincewa. Muka buɗe na farko, damin gero. Na biyu, buhunan riɗi. Yaya malamin gona ne, hotunan girbi ne duka.

Inna ta yi dariya. "To 'yar boko, kin samo kaka kam, amma ba taku ba."

Na buga wa Yaya waya a Gwaram. "Wane suna ka sa wa waƙar Kaka?"

"Ina zan tuna? Ni fa ko a baki ban taɓa ce mata Kaka ba."

"Ai amaryarsa ce," in ji Inna. "Kullum yana cewa zai sake ta don tuwonta ya yi gudaji, ita kuma ta ce ba ta auren mai kai kamar tulu."

Na goge kalmar na rubuta "amarya". Umarnin ya sake nitsawa, ya dawo da fayil ɗaya daga can ƙasan wata folda: "amaryata marowaciya".

Da na kunna, ƙarar dutsen niƙa ta fara fitowa, sannan siririyar muryarta tana hawa da sauka tare da hannunta. Inna ta ajiye farantin. Ana tsakiyar waƙa Kaka ta yi tari ta ce, "Kai ja'iri, kawar min da abin nan daga baki!"

Na juye wa Inna a wayarta nan take. Ta goge ido da gefen mayafi.

"Maido min baya kaɗan," ta ce. "Wajen faɗan nan."