Yaya Bulus, Mutumin Tsakiyar Layi

Shekara huɗu ke nan da muka raka gawar Yaya Bulus filin jirgi aka mayar da shi Kagoro. Ciwon zuciya ne ya ɗauke shi a bakin aiki, ba jinya, ba sallama.

A unguwar Al Warsan, can ƙasar Larabawa, muka haɗu, gidan haya ɗaya. Ni ina aiki a kantin magani, shi yana gyaran na'urar sanyaya ɗaki. Ƙato ne marar yawan magana, ya ba ni shekara goma. Ranar Juma'a, da yake ita ce ranar hutu a can, shi yana coci ni ina masallaci, ranar Asabar kuwa sai ya ja ni filin da wata ƙungiyar 'yan sha'awa ke buga ƙwallon Amurka, wasan da a da nake ɗauka kokawa ce kawai da hular kwano.

Idan ƙwallo tana hannun abokan karawa, mu huɗu ne a sahun gaba na tsaro. Biyun tsakiya, irin Bulus, aikinsu su toshe hanya, su riƙe ƙattin da ke gabansu don kada mai gudu da ƙwallo ya samu kafa. Biyun gefe, irina, mu tsare bakin layi kada a zagaye mu, in kuma za a jefa ƙwallo mu kai wa mai jifan farmaki. Wannan farmakin ake yi wa tafi, kuma shi kaɗai nake so.

Wata Asabar muna kan gaba, saura kaɗan a tashi, sai na bar gefena na kutsa ciki don in kayar da mai jifa. Ashe ya riga ya miƙa ƙwallon. Mai gudun ya bi ta daidai wurin da na bari, ya ci mu. Koci ya ce khalas, wato shi ke nan, daga ranar benci ne wurina. Bulus ya bi shi har mota ya roƙa a ƙara mini wasa ɗaya, ya ce shi zai riƙa ɗaukar mutum biyu a kowane karo. A hanyar gida bai yi mini faɗa ba. Ya ce, "Sani, ba kai kaɗai ka zo filin nan ba. Ka tsare wurinka. In lokacin farmaki ya yi, ni zan buɗe maka hanya."

Haka aka yi. A wasa na gaba na kafe a gefena, ba wanda ya zagaye ni, kuma sau biyu na kai mai jifa ƙasa. Aka yi ta dukan hulata ana kiran sunana. Bulus yana can durƙushe yana haki, kafaɗunsa sun kumbura. Washegari ya ɗauki tsaninsa ya tafi aiki.

Yanzu da aka sake buɗe filaye bayan korona, nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga ƙungiyar. Masu jin Hausa sun yi yawa a layin tsaro, har da Hausa muke ba juna alama, abokan karawa na kallonmu ba su gane ba. Wannan na san zai sa shi dariya. Sababbin 'yan wasan kuwa ba abin da suke kallo a waya sai kayar da mai jifa, kowa gefe yake so. Ba na jin zai yi musu wa'azi. Zai shiga tsakiya ne ya yi aikin a gabansu har su ji kunya. Ni ma da jiki ya yi nauyi can na koma, kuma yanzu na san abin da kafaɗunsa suka sha.

Kwanan baya 'yarsa Rifkatu, wadda ke jami'a yanzu, ta kira ni. Ta ce ta kalli hotunan bidiyon wasanninmu, ba ta ga Baba da ƙwallo a hannu ko sau ɗaya ba, shin bai iya ba ne? Na ce ta sake kallo, amma kada ta bi ƙwallon da ido, ta dubi tsakiya, inda mutum biyu ke tura mutum ɗaya ya ƙi motsi. Bai bar kofi ba, bai bar suna a allo ba. Ya bar mutane irina da suka tsaya da ƙafarsu saboda ya ɗauke musu nauyi. Bayan kwana biyu ta aiko mini da saƙo: "Kawu, na gan shi."