Sharuɗɗa Uku na Injin Ruwanmu

Ina da shekara arba'in da uku na shiga ajin lantarki na manya a unguwar Alsahafa. Ba son boko ya kai ni ba, injin ruwa ne. A gidanmu na Omdurman ruwa ba ya hawa tanki sai da inji, inji kuwa in ya ja iska ƙonewa yake yi. Biyu sun ƙone a hannunmu. Da maigida ya kawo na uku ya ce daga shi babu wani, in ya mutu a koma jarka. Na san bayan wa za a ɗora jarkar.

Ustaz, malamin ajin, ya rubuta sifili da ɗaya a allo, ya ce waya amsa biyu kawai ta sani, akwai ko babu. Ya koya mana yadda ake ɗaure sharaɗi da sharaɗi. Na tsara nawa: akwai wuta, akwai ruwa a bututu, tanki bai cika ba. Ukun suka haɗu, inji ya tashi. Ɗaya ya faɗi, ya kwanta. Layi takwas jadawalin sharuɗɗan ya ci, guda tak ke cewa tashi.

Amma ban ƙyale Ustaz ba.

"Ustaz, ka san ruwan unguwarmu? Wani lokaci ɗiga yake kamar hawayen munafuki. Wannan ɗaya ne ko sifili?"

Ya yi dariya har ya ajiye alli.

"Hajja, lissafi ba zai yanke miki wannan ba. Ke za ki ja layin."

Da butar alwala na ja shi. In ta cika kafin in ƙirga ashirin, ɗaya ne. In ba ta cika ba, sifili, ko maigida na tsaye da sabulu a ka. A Kasuwar Libiya na sayi makunnin da ke jin ƙarfin ruwa da ƙwallon da ke nuna cikar tanki. Mai shagon ya tambayi wane mai gyara ne ya aiko ni, na ce ga ta a gabanka. Kwana huɗu ina murɗa dunƙulen makunnin har ya yi daidai da butata.

Har yau kunnena na neman gurnanin injin na hantsi, da ƙarar ruwa yana faɗawa tanki. Ranar da yaƙi ya kore mu daga Omdurman na leƙa shi kafin in ja ƙofa. Akwai wuta, bututu a bushe. Yana kwance shiru yadda na koya masa.