Shukun da Muka Ƙi Tsefewa

Shekarar da gwamnati ta naɗe tabarmarta daga Legas ta dawo Abuja, har da ni aka naɗe. Ƙaramin ma'aikaci ne ni a sashen ajiyar fayil na wata ma'aikata, irin waɗanda ba a tambayarsu ko sun shirya. Aka ba mu ɗaki biyu da falo a kwatas ɗin Karu, muka tare ni da matata da 'ya'yanmu mata biyu, babbar tana da shekara shida, ƙaramar uku. Ko kwalayen kaya ba mu gama kwancewa ba zazzaɓi ya kwantar da uwarsu. Kwana tara ta yi, Allah Ya karɓi abinsa.

Ranar sadakar bakwai, surukata, wadda ta zo daga Funtuwa, ta sa aka kira ni. Na durƙusa a bakin ƙofa, kaina a ƙasa, kamar yadda na saba tun ina neman aure. Ta ce gobe za ta koma, kuma da jikokinta za ta tafi, don ba a barin 'ya'ya mata ƙanana a hannun namiji. Ba ƙarya ta yi ba, haka ake yi a gidajenmu. Amma ni a ranar ji na yi in aka ɗauke yaran nan, ba ni da dalilin tashi da safe. Na roƙe ta, irin roƙon da ban taɓa yi wa wani mahaluki ba.

Ta dubi yaran, sannan ta ce, "To, Malam. An riga an sa babbar a makaranta, ba zan katse mata ba. In an yi hutu zan dawo in gani da idona. In na same su yadda uwarsu za ta so, na bar maka su. In ban same su haka ba, kada ka ce na zalunce ka."

Wata uku ke nan ta ba ni.

Ni mutum ne mai taurin kai, kuma a lokacin na ɗauka babu abin da takarda da biro ba za su iya ba. Na samu farar takarda na ja layi da rula, na rubuta jadawali na manna a ƙofar kicin: tashi, salla, wanka, koko, makaranta, wanki, tuwo, yankan farce ranar Juma'a. Na tsaya na dube shi, na ce wa kaina ashe wannan ne aikin da mata ke ta yi mana kuri da shi.

Tuwon farko da na tuƙa ya ba ni amsa. Gudaji ya fi tuwon yawa. Ƙaramar ta tsamo ɗaya da yatsa, ta fasa, gari ya zubo, ta ce, "Baba, akwai kyauta a ciki." Daga ranar suka sa masa suna tuwo mai kyauta, har gasa suke yi a ga wadda ta fi samu. Wankin farko kuwa, na haɗa farar rigar makarantar babbar da jan zanen uwarsu a bokiti ɗaya. Ranar Litinin yarinya ta tafi aji da riga ruwan hoda, ta dawo ta ce malama ta tambaye ta ko daga wata makarantar aka kawo ta.

Gidajen kwatas ɗin nan kuma duk uwa ɗaya ta haife su: fenti ɗaya, ƙofa ɗaya, taga ɗaya. Ni da gemuna sau biyu ina kokawa da makulli a ƙofar wani, ina zagin gwamnati. To bare yarinya 'yar shekara uku. Wata Asabar da hantsi na neme ta na rasa. Na zagaye layi huɗu ina kiranta, ina ta tunanin da wane baki zan gaya wa kakarsu. Sai na same ta a falon wasu mutanen Kalaba, ta cinye musu rabin shinkafa, ta haye kujera ta yi barci. Da na tashe ta, ta dubi masu gidan ta ce min, "Baba, baƙi muka yi?"

Ran da matar da ke riƙe min ƙaramar da rana ta tafi biki, babbar kuma ba su da makaranta a ranar, dole na shiga bas ɗin ma'aikata da su biyun, na kai su ofis. Na zaunar da su bayan tulin fayilolin da aka kwaso daga Legas, waɗanda har lokacin ba a samu kantar jera su ba, na ce kada in ji motsi. Ban ji ba kuwa, kuma da na san yara da na gane shirun nan ba na alheri ba ne. Darakta na wucewa, sai ga ƙaramar ta fito, goshi da kumatu da hannuwa duk hatimin ofis mai cewa an karɓa, yayarta ta buga mata har a tumbi. Ya tsaya ya gyara tabarau ya karanta goshinta, ya ce, "To, tunda an karɓa, sai a buɗe mata fayil." Duk ofis aka fashe da dariya, ni ma na yi. Ita ce dariyata ta farko tun rasuwar, kuma da na gama sai da na shiga banɗaki na wanke fuska, don wadda zan koma gida in ba labarin ba ta nan.

A hankali na iya. Gudaji ya ragu, har yaran suka yi ƙorafi. Na koyi raba fari da mai launi. Na ɗaure jan ƙyalle a ƙofarmu don kada ƙaramar ta sake yin baƙi. Abu ɗaya ne babu shi a jadawalina, shi ne kai.

Ƙaramar ba ta da matsala, gashinta ɗan kaɗan ne, in na wanke na shafa mai shi ke nan. Babbar ce mai gashi irin na uwarta, cunkus, kuma a kanta akwai shuku. Uwarta ce ta yi mata shi da yamma, kwana ɗaya kafin ta kwanta, tana zaune a kan kwalin da ba mu buɗe ba, tsinken kitso a bakinta, tana yi mata faɗan ta daina motsi. Ni a iya sanina kitso abu ne da yake nan a kan mata kawai. Ban taɓa tambayar kwana nawa yake yi ba, ban san sai an tsefe an wanke an taje ba. Kullum da safe sai in lakato basilin in shafe saman, in ɗaura mata ɗankwali, in ce an gama da kai.

Ba wai ba a gaya min ba. Akwai wata mata 'yar Gbagyi da ke kawo mana doya da itace, kayanta a kafaɗa yadda suke ɗauka. Ita ce ta taɓa nuna min daidai inda gonar mijinta take kafin a gina layinmu. Wata rana ta sauke doya, yarinyar ta gitta ta gabanta, sai ta bi ta da ido.

"Oga, yarinyan nan kansa yana wari fa. Ka kawo shi gidana in kwance masa, in wanke, in yi sabo."

Raina ya ɓaci. Na ce mata doya na ce ta kawo, ba shawara ba. Har yau ina jin kunyar wannan maganar, kuma ban samu na nemi gafararta ba. Amma bayan ta tafi na kira yarinyar, na ce gobe za a tsefe mata kai. Ta dafe kanta da hannu biyu, ta ja da baya har ta jingina da bango.

"Umma ce ta yi min. In aka tsefe, wa zai mayar?"

Ta fashe da kuka, na ƙyale ta. Kuma tunda na ɗauki alƙalami in faɗi gaskiya, ba don kukanta kaɗai na ƙyale ba. Ni ma ba na so a taɓa. Kayan uwarsu an raba, turarenta ya bar ɗakin, amma in na cire ɗankwalin nan da safe ina ganin tsagar da hannunta ya ja. Sai muka haɗa baki ni da yarinya 'yar shekara shida, ba tare da mun faɗa wa juna ba. Ina ganin tana sosa kai in ta ɗauka ba na kallo, in na juyo ta sauke hannu. Ni kuma sai in ƙara basilin.

Da hutu ya matso na shirya gidan kamar minista zai zo duba aiki. Na wanke labule, na goge risho, na koya wa yaran gaisuwa har da durƙuso. Miya kuwa ban yarda da hannuna ba, na roƙi matar maƙwabcina ta yi min ta kuka, na juye a tukunyarmu, na gargaɗi yaran kada su ce komai. Na kuma tsara hujjojina guda biyar a kai, ɗaya bayan ɗaya, ko da za ta kawo zancen tafiya.

Hajiya, surukar tawa, ta iso bayan azahar. Ta duba ɗaki, ta duba farcensu, ta ɗaga ƙaramar ta ce ta yi nauyi. Aka kawo tuwo ta kai loma, ta ce, "A'a, Malam, miyar nan ta yi."

Ƙaramar ta ce, "Baba ya ce kada mu faɗa ta maman gidan can ce."

Hajiya ta yi dariya har ta ƙware, sai da babbar ta kawo mata ruwa. Ni ina bakin ƙofa ina jin kamar ƙasa ta tsage, amma a raina murna nake, don na ga ta sake. Har ta ce, "Wanda ya san ya roƙi miya ai ya san ciwon yara." Na ce a zuciyata na ci.

Bayan la'asar ta shimfiɗa tabarma a baranda, ta miƙe ƙafa, ta kira babbar. "Zo nan in ga kanki, ƙawata."

Yarinyar ta dube ni. Ni na dubi ƙasa.

Da aka zare ɗankwalin, ni kaina sai a ranar na ga kan da idon wani. Shukun ya cuɗe ya zama dunƙule ɗaya, basilin na wata uku ya kama datti ya daskare. Hajiya ta sa yatsa ta ɗaga gefe, yarinyar ta yi ƙara. Ƙarƙashin duk ƙuraje ne, wasu sun fashe suna ruwa, ga ƙwarƙwata tana yawo a fili. Wata nawa 'yata tana kwana da wannan a kanta, tana shanyewa, don kada a taɓa.

Na jira faɗa, ban samu ba. Hajiya ta bi bakin kitson da yatsa har tsakiyar kai, inda aka murɗe jelar aka soke ta ciki, ta tsaya a nan.

"Wannan hannun 'yata ne," ta ce. "Ni na koya mata wannan sokewar."

Sai ta kifa fuskarta a kan ƙazamin kan nan ta yi kuka, kukan da ban ga ta yi ba ko ranar jana'iza. Yarinyar na kuka, ƙaramar ta ga ana yi ita ma ta kama. Da ta natsu ta ce in kawo almakashi da ruwan ɗumi da sabulu, don ba zai tsefu ba. Ni na riƙe kan tana yankewa. Yarinyar ba ta yi gardama ba, ta dai riƙe babban yatsana da ƙarfi har aka gama.

Hajiya ba ta ce na kasa ba. Ko kalma ɗaya ba ta faɗa a kan tafiya ba, kuma na tabbata da na yi shiru, da wataƙila ta ƙara min wata uku. Hujjojina biyar suna nan a kaina, ban manta ko ɗaya ba. Amma ina kallon fatar kan nan, ja, duk miki, sai na ji bakina ya ce, "Hajiya, ki tafi da su."

Ta ce, "Ka tabbata, Malam?"

Na ce na tabbata. Ƙarya nake, amma na faɗa.

Da safe na kai su tasha. Ƙaramar murna take za ta shiga mota, har tana yi wa masu tallan gyaɗa sai an jima. Babbar ta zauna ta taga, da hular ulu a kanta saboda maganin da aka shafa. Sai da direba ya tayar da mota, sannan ta leƙo.

"Baba, don kaina ne ko?"

Na ce a'a, ba don kanta ba ne, laifina ne.

"To in gashin ya fito, zan dawo?"

Na ce eh. Me zan ce?

Gashin ya fito, ya fi na da cika. Hajiya ta gaya min daga baya cewa kullum da safe sai yarinyar ta ja shi ta gwada da yatsa, ta zo ta tambaya ko ya kai. Ranar da ya kai a kama, aka yi mata kitson kalaba, ta haɗa kayanta a leda ta zauna a zaure tun safe, ta ce Babanta zai zo. Babu wanda ya aiko min, ni kuma ina Karu ina jera fayil. Na riƙa zuwa da salla, su ma suna zuwa min hutu, amma tsoro bai taɓa barina in ce a dawo min da su ba. A gidan kakarta ta girma, a can aka ɗaura mata aure. Ba ta sake tambayata ba, kuma ban san ranar da ta daina jira ba.