Fikof Uku Zuwa Kebbe

Jitar nan ba sayenta na yi ba. Wani ɗan bautar ƙasa da ya koyar a nan Tambuwal ne ya bar mini ita da zai koma Kudu, ita da ɗan akwatin sifikarta, wai kaya sun yi mashi yawa. Ja ce, mai tsirkiya shida, irin ta masu kiɗan rok ɗin nan da ke kaɗa kai kamar an zuba masu cinnaku cikin riga. Kafin ya tafi ya koya mini kiɗa biyu da rabi. Da biyu da rabin nan na cika gari da baki. Duk majalisar da na zauna sai na ce in na taɓa jitata, jakin da ke Dogon Daji ma sai ya aje kaya ya taka.

Ashe akwai mai riƙe da maganata. Abokina tun na firamare, mutumin Kebbe, anka sa ranar aurensa. Ya zo har shagona na cajin waya ya ce shi ba ya son shadda, ba ya son gudummawa, jita kawai zan buga mashi gaban abokai ranar da za a kawo amarya. Ya ce ya riga ya faɗa ma kowa. Na daki ƙirji na ce an gama.

Na koma gida na kakkaɓe jitar na jona. Na ja tsirkiya, shiru. Na sake ja, sai wani ɗan nishi kamar akuya mai mura.

Ƙarƙashin tsirkiyoyin akwai wasu abubuwa uku a jere, kowane kamar guntun sabulu mai idanun ƙarfe shida. Su ne kunnuwan jitar, su ke jin motsin tsirkiya su kai ma sifika. Nawa biyu sun kurmance, na ukun yana hanya. Na kira ɗan bautar ƙasan nan, ya saurara ta waya, ya ce da Hausarsa ta kasuwa, “Fikof naka ya mutu.”

Na ce, “Wane fikof? Ni ba ni da mota, babur gare ni.”

Ya yi dariya har da tari. Ya ce sunan kunnuwan ke nan, fikof, kuma irin nawa singil koyil ake ce masu, wato waya ce siririya anka naɗa sau ɗaya jikin maganaɗisu. Ni koyil biyu na sani a duniya, na sauro da na janareta. Na dai ce to. Ya haɗa ni da wani mai sayarwa a Legas.

Nan kaina ya kwance. Na zaci zan ce a ba ni uku a ƙulle a leda, sai mutumin ya hau yi mini tambayoyi kamar likita. Mai zafi nake so ko na tsohon yayi? Wane irin maganaɗisu? Na wuya daban, na tsakiya daban, na gindi daban. Ya turo mini sautin kowane in saurara. To sifikar wayata ta taɓa yin wanka cikin kofin koko, duk abin da ya turo iri ɗaya nake ji, sauro cikin gwangwani. Na kara a kunnen dama, na mayar na hagu, na sa wayar cikin kwano don ta ƙara amo. Sauro dai, sai dai wani ya fi wani ƙoshi. Na koma ga ɗan bautar ƙasa, ya ce ai ya danganta da sautin da ke cikin raina. Ni ko abin da ke cikin raina guda ne, kada in ji kunya a Kebbe.

Ango ya kira yana tambayar shiri. Na ce ya kwantar da hankali, fikof nake jira daga Legas, sababbi fil, da su zan zo. Shi ya san abin da nake nufi, don na nuna mashi a hoto. Abin da ban sani ba, ya maimaita maganar a gida yana cin tuwo.

Washegari sai ga kiran babansa, dattijon da bai taɓa kirana ba. Na miƙe tsaye na amsa, kamar yana ganina.

Bayan gaisuwa ya ce, “Ɗana, na ji labarin sayayya. Allah shi sa albarka. Guda nawa?”

“Uku ne, Baba.”

“Uku! Kai yaro, ɗaya ma ta ishe mu.”

“Ai tare suke aiki, Baba. Ɗaya gaba, ɗaya tsakiya, ɗaya baya.”

“Madalla, haka aka son tafiya. Suna ɗauka dai?”

“Baba, ɗauka ai ita ce aikinsu. Ba abin da suke bari. Ni inda na rikice, ban san ko in ɗauki na tsohon yayi ko mai zafi ba.”

Ya ce, “Kul! Kak ka kuskura ka sawo tsoho. Wajenmu tsoho ba shi kai labari. Sawo mai ƙarfi, wanda in ya taso tun daga nesa za a ji shi.”

Na aje waya ina jinjina kai. Ga ni nan ina ta yawo da baki, ashe masanin jita yana Kebbe yana kiwon shanu. Take na ce ma na Legas ya turo masu zafi.

Sunka iso tasha cikin ɗan kwalin da bai kai bulo na sabulu ba. Mai gyaran rediyo na bakin kasuwa ya liƙa su da dalma yana tambayata ko dai jitar tana kama tasha. Munka jona. Ƙarfi kam akwai, don sai da mai shayi na maƙwabta ya zubar da madara. Amma ko ban taɓa tsirkiya ba, wani gurnani ke fita, zzzz, kamar na ajiye amya a shagon. Na kira na Legas a fusace. Ya ce ai halin singil koyil ke nan, mai zafi kuma ya fi yi, in dinga juya jikina har in sami inda zai lafa. Na wuni ina juyi tsakar ɗaki kamar mai neman sabis. Shin gyara na yi ko ɓarna na sawo, ban gane ba.

Ranar biki na goya jita, na ɗaure sifika bayan babur da roba, na kama hanyar Kebbe. Hanyar nan ko lafiyayyen fikof na jita sai ta kurmantar da shi. Na iso da hantsi, ƙashin bayana yana hannun Allah.

Ƙofar gida na tarar da Baba tsaye cikin babbar riga, ga ƙarti sun kai goma riƙe da igiyoyi. Na durƙusa na gaishe shi. Yana amsawa yana leƙen bayana.

“Sun tsaya shan mai ne?”

“Su wa, Baba?”

“Motocin.”

Na waiga ni ma, wallahi, ko akwai wasu motoci da sunka biyo ni. Hanya fayau, sai wata tunkiya.

“Fikof ɗin, ɗana. Mi kaka jira? Kayan ɗakin amarya na can garinsu Fakku tun asuba an fito da su waje. Na ce ma surukaina kada su nemi mota, ɗanmu na tafe da uku.”

Na sauko da jitar a hankali, na buɗe jaka, na nuna mashi da yatsa. Ɗaya, biyu, uku. Ya sunkuya ya dube su. Ya dube ni. Ya sake dubansu. Ango ya fito daga zaure, ya ji abin da ake ciki, ya dafe kai ya zauna a ƙasa da sabuwar shaddarsa.

Baba bai zage ni ba, da ma ya zaga. Cewa kawai ya yi, “To mai fikof, kwance wanga akwati, ka shiga gaba.”

Haka munka yi ta safara tsakanin Fakku da Kebbe, babura da amalanken shanu guda da anka roƙo. Ni anka ɗora ma katifa. Duk wanda bai taɓa tuƙa babur da katifa a baya cikin iska ba, kada ya ce mini ya san tashin hankali. Sau biyu na kusa tashi sama. Kowane ƙauye munka ratsa sai an fito ana nuna ni, don ƙartin nan sun riga ni isa da labari.

Sai bayan la'asar anka tada janareta, abokai sunka zauna kan tabarmi. Yatsuna sun ƙi lanƙwasuwa don wahalar tuƙi. Na jona, gurnanin ya tashi, na hau juyi ina neman inda zai lafa. Inda ya lafa kuwa sai da na ba mutane baya, ina fuskantar katangar maƙwabta. Na ce ma ango ko dai a haƙura.

Ya ce, “Ka buga ko da cikin rumbu za ka shiga. Na faɗa ma mutane.”

Na buga ma katanga kiɗa na farko. Ban ga fuskar kowa ba, ban san ko dariya suke ko mamaki ba. Ana cikin na biyu na ji ƙasa tana amsa sawu a bayana, na saci kallo ta kafaɗa. Ango ne shi kaɗai tsakiyar fili, shadda duk ƙasa, yana taka wata rawa da ba ta da dangi da abin da nake bugawa. Can ƙartin da munka yi dakon kaya tare sunka shiga, ɗaya bayan ɗaya. Na gama biyu, na shiga rabin, rabin ya ƙare ba su tsaya ba. Sai na koma na farko.